Mai Atishawa Ta Yi Zafi, Baba Ya Yi Mata Maganin Kano

To jama'a, na gaji da amsa ku ɗaya bayan ɗaya. Tun da na sa hoton Baba da hular kwano a kan kaftani wayata ba ta huta ba. Ina ne nan, me ya kai tsoho filin gudun mota, da gaske ne injin ya kusa ƙonewa. Ina cikin jirgin ƙasa yanzu za ni aiki, bari in rubuta sau ɗaya. Duk wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Ga waɗanda ba su san Baba ba, direba ne. Tun kafin a haife ni yake jan mota, Kano zuwa Jos, daga baya Kano zuwa Legas. Ido ne ya sauke shi, yana ta rufe masa. Na kawo shi nan aka yi masa aiki, alhamdulillahi ya yi kyau, amma likita ya ce kar ya taɓa sitiyari tukuna. Ranar da aka sallame shi ko mota ba mu shiga ba ya sa haƙori ya tsinke robar nan da suke ɗaura wa majinyata a hannu, ya ce shi ba ragon layya ba ne da za a sa masa alama. Daga nan kuma sai zaman gida. Mutumin da bai san zama ba, ga shi a saman bene a nan Silver Spring ta jihar Maryland, daga taga sai talabijin. In na dawo aiki sai in tarar ya jera min takalma, ya goge sufanuna ɗaya-ɗaya. Wata rana na ji yana gaya wa Umma a waya cewa ya zama kaya, a ajiye shi nan a ajiye shi can. Maganar ta tsaya min.

Motata kuma kun san ta, 'yar shuɗiyar nan ta Japan. Na sa mata babban tobo, wato abin da yake cusa wa inji iska da ƙarfi. Duk sanda na canja giya sai ta yi fishhh, Baba ya ce mura take yi, ya raɗa mata Mai Atishawa. Matsalar ita ce ƙarfi da zafi tare suke zuwa. A titi lafiya lau. A fili kuwa, inda za ka danne totur ka ƙi ɗagawa, ruwan lagireto sai ya yi ta hawa. Duk zuwana na baya ban taɓa gama zango ɗaya na zagayen filin ba sai na fito na huce. Wannan karon na shirya. Na sa babban lagireto, na toshe gefunansa da soso don kar iska ta zille ta gefe, na kafa agogon zafi mai allura a gabana, don na kamfani ba ya motsi sai abu ya riga ya ɓaci.

Kuma ba tsere ba ne, ku daina cewa tsere. Babu kofi, babu na ɗaya. Koyo ne, kana tuƙi malami yana gefenka. Dokarsu ita ce ba ka ɗaukar fasinja sai malaminka ya ga ka gama zango cikakke lafiya, sannan a canja maka launin abin hannun da suke ɗaura wa kowa a ƙofa. Abin da na ƙudura ke nan: a zangon ƙarshe na ranar Lahadi in sa Baba a gaba in zagaya da shi, don satin da ke biye zai koma Kano. Ban gaya masa ba. Isuhu kawai na gaya wa, abokina Badamagare da yake aikin injiniyan sauti a gidan rediyon nan.

Mun tashi ranar Juma'a bayan masallaci. Muka biya ta Wheaton muka sayi burodi da kifin gwangwani, Baba ya tsaya yana yi wa mai shagon tsiya wai wannan doyar tasa ta fi shi tsufa. Isuhu yana baya, a matse tsakanin akwatin kayan aiki da jakar butar shayinsa, wadda ba ya zuwa ko'ina ba ita. Tun daga fita gari suka fara. Kun san Bakano da Badamagare. Baba ya ce a Damagaram in mota ta wuce sai a fito kallo, Isuhu ya ce ai Kanawa ne suke kawo musu motocin, shi ya sa kullum suna cikin pan, wato a lalace, a bakin hanya.

A babban titi na lura allurar zafi tana ƙasa da inda ta saba zama. Na ji daɗi, na ce ai sabon lagireton nan ya yi. Baba ya gyara hula ya ce, "Hmm. Ta samu lafiya." Ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

Da na ce mun kusa fita daga Maryland, Baba ya zaro fasfonsa ya riƙe, ya ce in rage gudu in kashe waƙa. Muka hau gada, kogi a ƙasa, ga allo yana yi mana maraba. Ba a jima ba ga wani allon, mun shiga West Virginia. Yana ta leƙe yana neman shinge. Isuhu ya ce, "Alhaji, mai da takardarka, nan ba duwan, kwastan ke nan a bakinku, ba jandarma." Baba ya ce jiha biyu muka tsallaka ba wanda ya tambaye mu ko me ke cikin but? Ya ce ƙasar nan ba tsaro. Bai mayar da fasfon aljihu ba sai da muka isa masauki.

Masaukin irin na bakin hanya ne, ka ajiye mota a ƙofar ɗakinka. Ɗaki ɗaya ya rage saboda 'yan fili sun cika garin, gado biyu. Ku tuna ni ɗan fari ne. Baba ko sunana ba ya kira, "kai" ne ko "yaron nan". Tun ina ƙarami ban taɓa kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Ko riga zan canja sai na shiga banɗaki. Isuhu ya haye gado na biyu ba kunya, ni na shimfiɗa bargo a ƙasa ta bayan gadon inda Baba ba zai hango ni ba. Da safe muka shiga wani gidan abinci, na yi wa matar tambayoyin naman alade har ta gaji, aka kawo mana ƙwai da fankek. Baba ya ɗanɗana ya ce waina ce da aka manta da ita ba ta tashi ba, ya zaro yajin Umma daga aljihu ya barbaɗa. Matar ta nemi ta ɗanɗana yajin. Sai da aka kawo mata ruwa.

A ƙofar fili aka ɗaura wa kowa abin hannu na takarda mai roba. Baba ya kalli nasa ya kalle ni ya ce, "Nan ma asibiti ne?" Sai wajen duba mota. Suka ce a fitar da duk abin da zai iya yawo a ciki. Na fito da sallaya, da carbin da ke jikin madubi, da buta. Mai dubawar ya ɗaga butar yana juya ta, ya tambaya ko ta ƙara ruwan lagireto ce. Isuhu ya ce masa eh, amma na mutum.

Wurin kamar tasha ne amma ba 'yan kamasho. Kowa ya kafa rumfa kusa da motarsa, tsofaffi da masu furfura sun fi yawa. Wanda bai san ka ba zai miƙo maka sufana, ya tambayi me ka sa wa injinka kafin ya tambayi sunanka. Abin da ya fi ba Baba mamaki shi ne malamata. Sunanta Dona, tsohuwa ce mai jikoki, 'yar siririya, gashi fari fat. Baba ya ja Isuhu gefe ya tambaye shi ko ita ce mai sayar da abinci. Da ya ga ta sa hular kwano ta shiga gefena sai ya yi salati a hankali.

Zangon farko. Zagayen ɗumi lafiya. Na fara takawa, Mai Atishawa tana ta atishawarta, Dona tana min magana ta 'yar na'urar kunne: birki nan, kalli can gaba, yanzu taka. Ban yi wani nisa ba na saci kallon allura. Ta wuce rabi. Kafin in fita daga kwana ta biyu ta doshi ja. Ko a da, kafin in sa sabon lagireto, ba ta taɓa hawa da wuri haka ba. Dona ta ce in ɗaga ƙafa, in sa babbar giya, in kunna hita har ƙarshe. Hita a tsakiyar bazara, cikin hular kwano. Amma haka ake yi, hita ƙaramin lagireto ce, tana janye zafi daga inji ta watso maka a fuska. Iskar ta zo da zafi, sai ta yi sanyi, sai ta sake zafi. Dona ta ce hmm, ba ta son wannan.

Muka lallaɓa muka fito. Ta ce kar in kashe, kar in ja birkin hannu, in buɗe bonet in bar fanka ta yi aikinta. Ina buɗewa sai ga Baba da gudu, galan na ruwa a hannu ɗaya, tsumma a ɗaya, ya nufi murfin lagireto. Yadda ake yi a hanyar Legas ke nan, ka danne da tsumma ka murɗa ka kauce. Dona ba ta jin Hausa, Baba ba ya jin Turancinta, amma ta riƙe masa hannu ta girgiza kai, ya gane. Ruwan da ke ciki ya wuce tafasa, murfin ne kawai ya danne shi.

Da ta huce na sake shiga zango na biyu. Haka aka maimaita. Dona ta cire hularta ta gaya min gaskiya: tuƙina ba laifi, amma ba za ta canja min abin hannu ba sai ta ga zango cikakke, kuma in na sake kai allurar nan ja zan ƙona tof-gaskit, in koma gida a bayan motar janwe.

Muka tsaya a kan injin. Ta matsa tiyo ta ji ƙululu, alamar iska ta shiga. Ta leƙa robar ruwa ta ce launin ya yi fari, wa ya ƙara ruwan famfo? Na ce ba kowa. Ta haska fitila ƙasa inda gidan tamosta yake, wato 'yar ƙofar da take tare ruwan inji, ta nuna min sabon sawun sufana a kan notocin. Ta ce wa ya buɗe nan? Na ce wallahi ba kowa.

Baba ya tambayi Isuhu me take cewa. Isuhu ya fassara. Sai na ga fuskar Baba ta washe, rabon da in ga haka tun kafin aikin ido.

Ya ce, "Ai ni ne. Ranar Laraba kana wajen aiki. Kullum ina jin ka a waya, zafi, zafi. Na ce yaron nan bai san abin da ke damun motarsa ba. Na cire mata wahalar."

Kun san abin. Duk motar da ta sauka daga Kwatano, kafin ma a yi mata lamba bakanike zai cire tamosta ya haɗa fanka kai tsaye, wai abin ƙasar sanyi ne. Baba da ido ɗaya da rabi ya sauka filin ajiye motoci, ya kwanta a ƙasa, ya cire, ya cika ta da ruwan famfo, ya goge komai tas. Kwana uku yana jira in lura.

Wallahi raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Watanni ina shiri. Amma ga Dona tana kallona tana jiran fassara, ga maƙwabtan rumfa sun matso. Na ce mata mu ne muka cire, a gida haka muke yi.

Ba ta yi dariya ba. Ta yago kwali ta zana. Ta ce a irin injina ruwa yana da hanya biyu, doguwa ta cikin lagireto, da 'yar gajeriya da take komawa inji kai tsaye. Tamosta tana tsaye a mararrabar. In inji da sanyi ta bar ruwa ya bi gajeriya don ya yi ɗumi da wuri. In ya yi zafi ta buɗe doguwar, ta kuma toshe gajeriyar, dole kowa ya bi ta lagireto. In ka cire ta hanya biyun a buɗe suke. A titi ba za ka gane ba, har ma ka ga allura ta sauka. Amma in ka matsa wa inji, ruwa mai yawa sai ya yi ta yanke, bai je ya huce ba. Ga kuma iskar da ta maƙale da aka zuba ruwa ba a fitar da ita ba.

Isuhu ya fassara wa Baba da cewa ɗan sanda ne a shataletale, Alhaji ya kore shi, ruwan kuma Bakano ne, ba ya bin layi in ya ga ratse. Ya yi tsammanin Baba zai rama. Bai rama ba. Ya daɗe yana kallon kwalin. Ya ce shekara nawa yana cirewa, mota ba ta taɓa kwana da shi a hanya ba. Na ce haka ne Baba, can tsofaffi ake samu sun maƙale a rufe, cirewar ta fi, kuma ba wanda yake danne totur irin na nan. Ya ce to. Ya koma rumfa ya zauna a kujera, ya juya wa motar baya.

Na koma can bayan wata tirela na fara kiran shagunan kayan mota. Kowa sai ya ce irin tawa sai Litinin. Dona ta zagaya rumfuna tana tambaya, an samu kala-kala amma ba mai shiga tawa. Haka Asabar ta ƙare, ina zaune ina jin motocin mutane suna wucewa. Mijin Dona ya kawo mana gasasshiyar masara an shafa mata man shanu. Baba ya karɓa ya yi godiya, ya riƙe ta har ta huce.

Za ku ce me ya sa ban tambaye shi ina ya kai wadda ya cire ba. Ku da kuka taso a gida kun san amsar. In na tambaya kamar na ce masa ka ga abin da ka jawo. Na riga na yanke cewa tana cikin bolar Silver Spring.

Bayan magariba Isuhu ya kunna ɗan gas ɗinsa a ƙofar ɗaki ya ɗora shayi. Mai masaukin ya fito a tsorace yana maganar gobara, aka ba shi kofi ɗaya, ya nemi na biyu. Mu uku muna zaune kowa yana kallon kofinsa. Isuhu ya kalle ni ya kalli Baba ya ce shi fa ya gaji da wannan zaman makoki.

"Alhaji, ka san mi ya sa yaronka ya kawo ka nan? So yake gobe ya sa ka gaba ya zagaya da kai. Yanzu ga shi mun bi garin nan duka da waya ba tamosta."

Na ji kamar in nutse. Baba ya ajiye kofinsa.

"Ba a samu ba?"

Na ce sai Litinin, Baba.

"Wai ita kuke nema tun rana?"

Ya sa hannu a aljihun kaftani, wanda yajin yake ciki, ya zaro ƙullin leda. Ya kwance. Ga tamosta, an wanke ta, har da zoben robarta. Tun safe tana jikinsa. Ya ce direba ba ya yar da ƙarfe. Ya ce ya ga na koma gefe ina waya, ya ɗauka sabuwa nake saye don ba na son wadda hannunsa ya taɓa, shi ya sa ya yi shiru.

Isuhu ya kwanta a kan siminti yana dariya. Ya ce Kanawa biyu, ɗaya yana kunya ɗaya yana kunya, sun kashe yini guda abu yana aljihu.

Na ce sai mun gwada ta kafin mu mayar. Baba ya ce a jefa ta a butar Isuhu. Isuhu ya rungume butarsa ya ce sai dai a jefa shi. Muka juye sukari daga gwangwanin madara muka cika shi da ruwa, muka ɗaura tamostar da zare muka zura. Baba ya sa tabarau ya durƙusa. Ruwa ya fara ƙananan kumfa, ba abin da ya faru. Ya ce kun gani. Sai ga ta tana buɗewa a hankali, bakin yana ja da baya, faifan ƙasan yana saukowa. Na ɗaga ta sama, iska ta buge ta, ta koma ta rufe. Ya ce in sake. Na sake. Ya karɓi zaren ya yi da kansa.

Ya ce, "Ashe rai gare ta. Na cire ta fi a ƙirga, ban taɓa ganin tana aiki ba."

Da asuba muka koma fili inji da sanyi. Dona ta zo da wani babban mazurari mai ɗaurewa a bakin lagireto, da ruwan da aka tace, da ruwan sanyaya inji. Noti ɗaya yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa, na yi ta fama. Baba ya ce in matsa gefe, ai shi ya kwance shi. Ya kwanta a kan sallayata, ya rufe ido ma gaba ɗaya, ya ɗaura. Ni na nuna masa ɗan ramin da dole ya kalli sama don iska ta samu hanyar fita. Muka ɗaga gaban motar da jak, muka kunna ta, hita a buɗe. Dona ta ba Baba aikin matsa tiyo. Yana matsawa kumfa tana fitowa ta mazurari, ɓul, ɓul. Duk wadda ta fito sai ya ce da ita a sauka lafiya. Su biyun suka yi ta hira, ita da Turanci shi da Hausa, ban san me suke fahimta ba amma kowa yana gyaɗa kai. Da kumfa ta ƙare, hita ta riƙe zafinta ba yankewa, Dona ta ɗaga masa babban yatsa.

Zangon safe na shiga da addu'a. Dona ta ce yau ba gudu za ta koya min ba, sanyi za ta koya min. Kar in manne wa motar gabana, don iskarta mai zafi nake sha, in bar tazara ko in ɗan goce gefe a miƙaƙƙen titi. In canja giya da wuri, ba sai inji ya yi kuka ba. In na ga allura ta motsa in ba ta zagaye ɗaya na hutu kafin ta roƙa. Allura ta hau, ta ɗan wuce rabi, ta tsaya. Na yi ta jiran ta ci gaba. Ba ta ci gaba ba. Da na ga tutar ƙarshe sai da na ji idona ya yi ruwa a cikin hular. Dona ta ce sai na ƙara ɗaya da rana tsaka, lokacin da kwalta take tiriri. Shi ma na gama. A rumfa ta sa almakashi ta yanke koren abin hannuna ta ɗaura min ruwan ɗorawa, ta kamo hannun Baba ta ƙara masa na fasinja.

Neman hular kwanon da za ta shige shi ma labari ne. Ya ƙi rabuwa da hularsa, sai da ya ninke ta ya sa a aljihu. Isuhu ya ba shi aron takalmi sau-ciki, ya ce Alhaji yanzu ka zama ɗan acaɓa. Na ɗaura masa bel. Na ce Baba, aiki zan ba ka, ni idona yana kan hanya, kai ka riƙe min allurar nan. In ta kai wannan layin ka gaya min.

Muka shiga. Zagayen farko na bi a hankali. A kwanar farko da na taka birki sosai na ji ya ce innalillahi, ya dafe gaba. A ta biyu ya saki gaban. A ta uku na ji jikinsa yana kwantawa tun kafin in juya sitiyari, ƙafarsa tana taka birkin da babu. Yana ba ni rahoto kamar yaron mota: tana rabi, tana nan, ta ɗan ɗaga. Rana ta yi zafi, kuma mu biyu ne. Wata jar mota ta shiga gabana na bi ta, na manta da karatun safe.

Ya ce, "Kai, sake ta. Hayaƙinta kake sha."

Na ja baya. Na ga hannunsa ya miƙa ya murɗa hita har ƙarshe, ba wanda ya ce masa. Wuta ta bugo mu. Muka yi zagaye guda a haka, zufa tana shiga min ido. Muka fito daga kwanar ƙarshe, ga miƙaƙƙen titi ba kowa a gabanmu, an ɗaga alamar saura zagaye ɗaya. Ya sunkuya ya kalli allura da sabon idonsa, ya ɗago.

"Ta sauka. Taka ta, Mubarak."

Na taka. Sai da muka wuce rabin titin na gane abin da ya kira ni.

A rumfa bai bari na kashe ta ba. Shi ya buɗe bonet, ya hana Isuhu matsowa, ya tsaya a kanta har fanka ta yi shiru. Hoton da kuka gani a nan aka ɗauka, shi ya sa kaftanin yake jiƙe sharkaf. A hanyar dawowa ya yi barci tun kafin gada, fasfon ma bai tuna da shi ba.

Ya isa Kano lafiya. Ya tafi da gwangwanin madarar, wai akwai mutanen da zai tafasa wa ruwa a gareji. Likita ya ce in an duba shi nan gaba kaɗan zai iya komawa tuƙi. Jiya Umma ta turo min saƙon murya, ta ce in gaya mata gaskiya, wane asibiti na sake kai shi ban faɗa mata ba. Wai akwai wani abu ɗaure a hannunsa, duk ya koɗe, in zai yi alwala sai ya tura shi sama ya wanke ƙarƙashinsa. Ta kawo almakashi ya ce kar ta kuskura.